Yadda za a samu burodin Italiya mai ƙurus-ƙurus da injin burodi na gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi injin burodi na gida, kuma ina son yin irin burodin Italiya mai ɓawo mai ƙarfi da ciki mai ramuka. Duk lokacin da na gwada, sai ya fito da laushi kamar na shago, wani lokacin ma samansa ya lotsa. Matsalar daga injin take ko daga haɗina? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Matsalar ta kasu biyu, kuma babban rabonta yana ga abin da ake sa ran injin zai yi. Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, shi ne ya fara fitar da injin burodi na gida a shekarun 1980, kuma an ƙera shi ne domin burodi mai laushi da ake gasawa a cikin gwangwani. Burodin Italiya kuwa yana samun ɓawonsa ne daga zafi mai tsanani da tururi a farkon gashi, abubuwa biyu da ƙaramin injin da ke gasawa a rufe ba zai iya samarwa yadda ake buƙata ba. Shawarata ita ce ki bar wa injin aikin da ya ƙware a kai, wato kwaɓawa da kula da tashin kwaɓi, sannan ki kammala gashin a oban.

Ya kamata kuma a sani cewa burodin Italiya ba iri ɗaya ba ne. Na yankin Tuskani ba a sa masa gishiri ko kaɗan, na garin Altamura da ke kudancin ƙasar ana yinsa da garin alkama mai tauri wanda ke ba shi launin rawaya, shi kuma ciabatta mai manyan ramuka an fara yinsa ne a garin Adria a shekarar 1982. Abin da yawancinsu suka yi tarayya a kai shi ne ƙarancin kayan haɗi: fulawa, ruwa, yis, gishiri, wani lokaci da ɗan man zaitun. Idan kina zuba sukari da yawa, da madara da bota, to kin riga kin nufi hanyar burodin shago tun kafin ki kunna injin, domin waɗannan su ne ke tausasa ɓawo.

Ga ma'aunin da zai yi miki aiki: fulawa giram 500, ruwa mililita 320, gishiri giram 10, busasshen yis giram 5, da man zaitun babban cokali ɗaya. Ki fara zuba ruwa da mai a cikin gwangwanin, fulawa ta biyo baya, gishiri a gefe guda, yis kuma a ɗan ramin da za ki yi a saman fulawar. Ki zaɓi tsarin da ke kwaɓawa da kumburarwa kawai ba tare da gashi ba. Bayan kamar minti goma ki buɗe murfin ki duba: kwaɓin da ya yi daidai yana dunƙulewa sumul, yana ɗan maƙale wa yatsa amma ba ya barin komai a kai. Idan ya yi tauri ki ƙara ruwa cokali ɗaya, idan ya yi ruwa ki ƙara fulawa cokali ɗaya, kuma a lokacin hunturu, da fulawa kan bushe sosai, kada ki yi mamaki idan ta nemi ƙarin ruwa.

Lotsawar sama kuwa alama ce ta kwaɓin da ya tashi fiye da kima, har ƙarfinsa ya gaza riƙe iskar da ke cikinsa. Yawan yis, yawan ruwa ko ƙarancin gishiri na iya jawo haka, amma a wurare masu zafi irin namu abin da ya fi yawan haddasa shi shi ne ruwan ɗumi. Injin da kansa yana ɗumama kwaɓi, saboda haka a bazara ki yi amfani da ruwan sanyi daga firiji, ki kuma rage yis zuwa giram 4.

Da zarar injin ya gama, ki juye kwaɓin a kan tebur da aka barbaɗa wa fulawa, ki naɗe shi a hankali ya zama dogo ba tare da kin matse duk iskar ba, ki rufe shi da kyalle na tsawon minti 30 zuwa 45. Ki zafafa oban zuwa digiri 230 a ma'aunin Selsiyus, da tire na ƙarfe a ƙasansa. Ki tsaga saman kwaɓin da wuƙa mai kaifi sau biyu ko uku, ki saka shi, ki zuba kofi ɗaya na ruwan zafi a cikin tiren, ki rufe nan take. Tururin nan yana hana ɓawo daskarewa da wuri, sai burodin ya samu damar buɗewa, daga baya kuma ɓawon ya yi ja ya yi ƙarfi. Bayan minti 15 ki cire tiren, ki rage zafi zuwa digiri 200, ki ci gaba da gashi na wasu minti 15 zuwa 20, har sai kin ƙwanƙwasa ƙasansa kin ji yana amsawa kamar ganga.

Idan kina neman ɗanɗano mai zurfi, masu burodi a Italiya suna yin abin da suke kira biga: su haɗa wani kaso na fulawar da ruwa kusan rabin nauyinta da ɗan yis kaɗan, su bar shi ya kwana a wuri mai sanyi, washegari su yayyanka shi cikin sauran kayan. Ke ma za ki iya yin haka da giram 200 na fulawarki, ruwa mililita 100 da yis giram 1, ki ajiye a firiji.

In kuwa babu oban a gida, ki zaɓi tsarin burodin Faransa a jikin injin tare da ɓawo mafi duhu, ki fitar da burodin daga gwangwani da zarar ya gasu domin kada gumi ya jiƙa shi, sannan ki bar shi ya huce na awa ɗaya a kan raga kafin ki yanka.