Abin da ake kai wa rana da wanda ake ɓoye mata

'Yata, saƙonki ya iso ni tun shekaranjiya. Kin ce ana koya muku wasu abubuwa da aka ƙera ana kwaikwayon ganye, haske ke sa su aiki, shi ne kika tuna kakarki tana shimfiɗa farin zane da kumfar sabulu a kan dutsen bayan gidanmu na Gangare, amma ta hana a kai zogale rana. Wai camfi ne ko da dalili?

Da dalili, 'yata. Na shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare kafin in gane Inna ta riga ni.

Rana ba busarwa kaɗai take yi ba. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, shi ke warware launi ya kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa zanen nan ke tashi fari ƙal, shi ya sa matan Fulani ke kife ƙoren nono a rana bayan sun wanke. To wannan ƙarfin ne kuma ke cinye koren zogale da kuka. Inna takan baza ganyen a tabarma cikin zaure, inda iska ke ratsawa, ta riƙa juya shi da yatsu safe da yamma. In wata ta yi gaggawa ta kai rana, sai ya koma ruwan ƙasa, miya ta yi lami. Ba ta duka, kallo ɗaya ya isa.

Ba zan ce miki iyayenmu sun san abin da kuke karantawa ba, zai zama ƙarin gishiri. Ganye na ɗaukar ruwa da iskar da muke fitarwa, ya haɗa sukari da taimakon haske, ya sako mana iskar shaƙa. A 1912 wani masani ɗan Italiya, Ciamician, wanda ke jera kwalaben gwaji a rufin ginin da yake aiki a Bologna, ya ce wata rana mutane za su koyi wannan sana'a ta tsirrai su rage dogaro da kwal. A 1972 Fujishima da Honda a Japan suka nuna cewa sinadarin titaniyam, farar hodar nan da ake sawa a fenti, yana taimakawa a raba ruwa gida biyu, wato iskar shaƙa da iskar haidirojin, idan haske ya sauka a kansa. Kin san a cikin baƙin yashin da aka bari a ramukan kuza na Bukuru da Barikin Ladi akwai ma'adinin da ake samun titaniyam daga gare shi? Kakanki ya yi aikin kuza, yashin nan a ƙafarsa yake shigowa da shi gida, mu share mu zubar.

Abin da nake so ki riƙe shi ne inda masanan suka cije. Hodar nan kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana kawai take iya amfani da shi. Da aka nemi wasu sinadarai masu launi da za su sha haske da yawa, sai da dama cikinsu suka riƙa lalacewa a ranar, kamar zogalen Inna. Ganyen da ke kan bishiya ma rana na ƙona shi, sai dai Allah Ya ba shi ikon sabunta ɓangaren da ya lalace a kai a kai, yana aiki yana gyaran kansa. Tsinkakken ganye ba ya iyawa, nasu na ƙira ma har yanzu ana fama.

In kin zo hutu akwai zogale a bakin rijiya. Za mu raba shi biyu, rabi a kan dutse, rabi a zaure, ki ɗauki hotonsu kullum. Ki taho da rigar sanyi, hunturun bana ya shigo da wuri.

Gwaggonki.