Kada ki yi gardama da shi kan muryar

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki nace wa ƙanenki cewa muryar da yake ji tana zaginsa babu ita. Kada ki yi masa gardama, kada kuma ki gaskata. Shi yana jin ta ne kamar yadda kike jin kiran sallah. Ce masa: "Ban ji ba, amma na ga ka tsorata."

Yayana a Tawa ya rantse rediyo na karanta tunaninsa, har ya lulluɓe ta da bargo. Musu ya sa ya daina cin tuwonmu, ya ɗauke mu maƙiya. A babban asibitin Yamai aka ce sikizofireniya ce, wata cutar taɓin hankali, bayan makonni yana shan magani muryoyin suka lafa. In muryar ta fara umartar ƙanenki ya cutar da kansa, ku kai shi asibiti yau ɗin nan.