In tsofaffin kiɗe-kiɗe ne, ina gwanintar mai faifan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokina da ke karatu a Glasgow ya turo mini faifan wata matashiya 'yar Sikotland, Brìghde Chaimbeul. Kusan busa ce zalla, ga wani gunji a ƙasa da ba ya yankewa. Ya ce kiɗe-kiɗen na gargajiya ne, na Keltawa, wato mutanen Sikotland, Ailan da danginsu. To in ba ita ta tsara su ba, me ya sa ake yabonta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina jin faifanta na farko kake nufi, The Reeling, wanda ya fito a 2019. 'Yar tsibirin Skye ce a Sikotland, Gelik ne harshen da ta tashi da shi, kuma sunanta "Biricha" ake furta shi, kada rubutun ya ruɗe ka. Tun 2016 ta ci kyautar matasan makaɗan gargajiya ta BBC Radio 2.

Bari mu fara da gunjin. Abin da take kaɗawa ƙanwar algaitar nan ce ta Sikotland da sojoji ke fareti da ita, amma wannan ta cikin ɗaki ce, muryarta a sanyaye. Ba da baki ake hura ta ba. Zugazugi ne ɗan ƙarami ɗaure a hannu ɗaya, yana cika wata jakar fata da ke ƙarƙashin ɗaya hammatar. Ka san yadda mai algaitarmu ke kumbura kumatu don kada sauti ya tsaya yayin da yake shaƙar iska? Aikin da jakar ke yi ke nan. Daga cikinta iska ke bin bututan da kowanne amo ɗaya tak yake fitarwa, su ne gunjin, sai kuma bututu mai huji-huji inda yatsu ke wasa.

Nan gwanintar take. Makaɗiyar ba ta da ikon yin shiru, ba ta iya ƙara ƙarfi ko ragewa, kuma amo 9 kacal ke hannunta. In tana son raba amo biyu iri ɗaya, sai ta ɗaga yatsa ta mayar cikin ƙiftawar ido. Waɗannan 'yan fizge-fizge, da jinkirin da take wa wani amo, da wane kiɗa ta ɗora a bayan wane, su ne sa hannunta. A al'adar Gelik ba wanda ya ƙirƙiro kiɗa kaɗai ake dubawa ba. Har da a wurin wa ka ɗauko shi ake tambaya.

Shi ya sa za ka ji muryar wata dattijuwa, Rona Lightfoot, tana bin busar da baki. Sunan wannan canntaireachd, hanyar da malaman busa ke koyar da almajirai ta hanyar rera kowane motsin yatsa. A wata tsohuwar majami'a a garin Cromarty na Sikotland aka ɗauki faifan, wani mai goge, Aidan O'Rourke, ya kula da aikin kuma ya sa gogensa nan da can.

Gyara ɗaya ga abokinka: ba duka na Keltawa ba ne, akwai na Bulgeriya a ciki. Ni kaina kalmar "Keltik" ba ta cika gamsar da ni ba, don ta haɗa Ailan, Sikotland, Wales, yankin Biritani na Faransa da sauransu a buhu ɗaya, alhali kowa da salonsa.

In za ka sake saurara, sa abin ji a kunne, ka riƙe gunjin tukuna na minti ɗaya, sannan ka bi yatsun.