Tambaya da Amsa: Lakar da ke Ƙidayar Shekaru

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aboabo, Kumasi. An ce mana lakar da ta kwanta a tsofaffin tafkunan ƙanƙara tana nuna shekaru. Ta yaya? Kuma tafkinmu na Bosomtwe, da ke kusa da Kumasi, irinsu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kauri ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai. Da duniya ta ɗumama, sai ta riƙa narkewa tana ja da baya, ruwan yana taruwa a gabanta, ita kuma ta tare masa hanya. Haka aka samu tafkuna irin su Agassiz, wanda ya mamaye Manitoba a Kanada da wani yanki na Minnesota a Amurka, kafin ya ƙwace ya kwarara tekun Hudson kimanin shekara 8,200 da suka wuce. Gindinsa ne gonakin alkama na kwarin Red River a yau.

Ka taɓa zuba ruwan kogi a randa? Yashi ke fara zama, yumɓu sai ya kwana. To, a watannin zafi narkakken ruwa kan kwararo da yashi da garin dutse, su kwanta da kauri, launinsu da haske. Hunturu na shigowa sai saman tafkin ya daskare, ruwa ya natsu, lallausan yumɓu ya sauka a hankali, siriri, baƙi-baƙi. Layi fari ɗaya da baƙi ɗaya, shekara guda ke nan. Jifa-jifa za ka ga dutse a tsakiyar laka mai laushi, layukan ƙarƙashinsa sun lotsa: ɓallin ƙanƙara ne ya ɗauko shi, ya narke, ya sake shi. Gerard De Geer, masanin kimiyyar ƙasa ɗan Suwidin, da wannan ƙidaya ya bi sawun janyewar ƙanƙara a ƙasarsu.

Bosomtwe kuwa ba ruwansa da ƙanƙara. Dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, ya haƙa ramin. Amma kada ka raina shi, domin shi ma lakarsa layi-layi take, damina da rani ne ke shimfiɗa ta, kuma an haƙo ta a 2004. Ina ganin ya fi cancanta ɗalibanmu su fara da shi: lakarsa ta nuna fari mai tsanani da ya addabi yankinmu daga wajen 1400 zuwa 1750.