Tambaya da Amsa: Gidan gona ne, to me ya kawo zagi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah na ga wani bidiyo a Facebook ana shagalin biki gaban wani ƙaton gida mai ginshiƙai, itatuwa sun yi layi har bakin ƙofa, wai tsohon gidan gona ne a Amurka, amma mutane sai zagin amarya da ango suke yi, to mi ya kawo zagi ga wanga abu? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Yadda kika siffanta shi ya yi kama da Oak Alley da ke jihar Luwiziyana a bakin kogin Misisifi, an gama gininsa a 1839, itatuwan nan kuma guda 28 ne. To abin da mai ɗaukar bidiyo bai juya kyamara ya nuna miki ba shi ne bayan gidan, can ne 'yan ɗakunan katako na bayi suke, gonar rake ce kuma bayi 'yan asalin Afirka da jikokinsu ne suka yi aikin ginin, su ne noma su ne yankan rake. In kaka ta yi ba barci, don rake in an yanke shi ba ya jira, dole a matse a dafa ruwan cikin manyan tukwane dare da rana kamar dai masu mazarƙwaila, sai dai nan ba lada, bulala ce a kai, kuma mai gida in bashi ya kama shi sai ya sayar da uwa ya bar ɗanta. Ba a haramta bauta a duk ƙasar ba sai 1865, shi yasa jikokinsu ke jin zafi in an mai da wurin filin rawa, ni dai gaskiya ban ga laifinsu ba.

Akwai wani kusa da shi, Whitney, da aka buɗe a 2014 a matsayin gidan tarihi, su labarin bayin suka sa gaba har sunayensu an rubuta jikin bango.

Kuma kar mu ce abin na Turawa ne kawai, mu ma nan zamanin daular Usmaniyya manya suna da rinji da gandu inda bayi ke noman gero da dawa da auduga, sai 1936 doka ta hana bautar gaba ɗaya a Arewa. Namu ginin ƙasa ne damina ta cinye yawancinsu, amma in kina da tsohuwa a gida tambaye ta labarin rinji.