Wannan sko ɗin ba na ƙwallo ba ne

Yarona na ga saƙonka tun la'asar, muna kan ɗaura taga ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce a bidiyon da ka kalla a YouTube baturen yana ta cewa score yana jan dayamon, wato abin jan layin nan namu na masu gilas, a kan gilas, kai kuma sko ɗin da ka sani na ƙwallo ne, wai me ya haɗa su. Na ji daɗin tambayar nan wallahi.

Kalma ɗaya ce turawa suka ɗora mata kaya da yawa. A gidan kallo in an ce nawa ne sko, ci nawa da nawa ake tambaya, yaran da suka zana JAMB su ma sko suke jira wato makinsu cikin 400, har takardar da makaɗan turawa ke dubawa suna kiɗa haka suke ce mata. Amma asalinta tsaga ce, mutanen zamanin da, sanda suke yi wa tsaga don riƙe lissafi, kamar dai yadda mai shayi ke ja maka layi duk ranar da ka sha bashi, daga nan har ta koma tana nufin ashirin a tsohon turanci. Ka ga ma'anarmu ta masu gilas ita ta fi kusa da tushe.

To a aikinmu sko ba yanka ba ne, wannan nake so ka riƙe. Dayamon ba ya yanka gilas, ƙyarta yake yi a samansa, ya nuna masa hanyar da zai bi ya karye. Ka goge gilas ɗin tas, ka ɗan tsoma bakin dayamon a kananzir, ka danne rula da hannun hagu kar ta motsa, sai ka jawo daga can gefe zuwa gabanka sau ɗaya tak ba tsayawa, kunnenka ne zai gaya maka, in ka ji shiiii siriri to ya yi, in kuma kana jin ƙarar-ƙarar farin gari na tashi ka danne da yawa kenan. Kar ka kuskura ka maimaita layi, na ga kana yi ranar nan a kan gilas mai kaurin 5mm ɗin, shi ya sa bakinsa ya fito da haƙora, kuma yana kashe dayamon. Da ka ja layi ka karya nan take, kar ka tafi amsa waya ka dawo.

Tayil ma haka ne, a fuskar mai sheƙi ake jan layin. Gilas tamfad kuwa ko kusa, wannan an riga an gasa shi don ya yi ƙarfi, in ka ce za ka karya shi wargajewa zai yi kamar tsakuwa.

Gobe ka zo da wuri akwai guntaye a bayan shago, ka ja min layi goma in saurara, kuma ka sa safar hannunka.