Ma'anar kalmar fitojiyografi da asalinta

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar kalmar fitojiyografi da inda ta samo asali. Kalma ce da aka ƙera daga harshen Girkanci: fiton na nufin tsiro, ge na nufin ƙasa, grafiya kuma na nufin zayyanawa. Wato dai ilimi ne na sanin inda kowane tsiro yake rayuwa a doron ƙasa da dalilin da ya sa ya tsaya a nan bai wuce gaba ba.

Masanin da ake yawan dangantawa da kafa wannan fanni shi ne Bajamushen nan Alexander von Humboldt, wanda a shekarar 1802 ya hau dutsen Chimborazo a ƙasar Ekwado, ya lura cewa tsirrai suna sauyawa mataki-mataki gwargwadon yadda mutum yake ƙara hawa sama kuma sanyi yake ƙaruwa.

A ganina, duk wanda ya taɓa tashi daga Zariya zuwa Damagaram ya ga wannan ilimi da idonsa, domin kaɗanya da ɗorawa suna raguwa sannu a hankali yayin da ruwan sama yake ƙaranci, har aduwa da bagaruwa su mamaye fili.